Tambaya da Amsa: Shin lofen Hardcastle ya cancanci kuɗinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, kuma na ɗan jima ina tara tsofaffin lofe na shan taba. A wani shagon kayan gwanjo na ga wani lofe mai zoben ƙarfe fari a wuya, an buga masa hatimin Hardcastle, mai shagon yana neman fam 35. Sunayen da na saba ji su ne Dunhill da Charatan, wannan kuwa ban taɓa jin sa ba. Shin in saya, ko kuwa in haƙura har in tara kuɗin mai suna?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sunan da ka gani ba baƙo ba ne ga masu wannan sana'a, ko da yake bai yi tashe kamar waɗanda ka ambata ba. An kafa kamfanin Hardcastle a 1908, Dunhill ya sayi wani kaso na hannun jarinsa a 1936, ya mallake shi gaba ɗaya a 1946, sannan a 1967 aka haɗe shi da kamfanin Parker, wanda shi ma Dunhill ne ya kafa shi a farkon shekarun 1920 domin sayar da lofen da bai kai matsayin a ɗora masa farin ɗigon da ke tambarin Dunhill ba. Abin da ke gabanka, ke nan, ɗan gidan manya ne da aka yi domin mai matsakaicin ƙarfi.

Haka yawancin sana'ar take a Birtaniya. Manyan kamfanoni sukan fitar da kaya masu ɗan aibi da wani suna dabam don kada su zubar da darajar babban sunansu, kamar yadda kamfanin Comoy's ya riƙa yi da sunayen Everyman da Guildhall. Dalilin yana cikin itacen kansa. Ana sassaƙa lofe ne daga kullutun saiwar wani ɗan itace da ake kira briya, wanda ake haƙowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum irin su Aljeriya, Italiya, Girka da tsibirin Kosika, kuma masassaƙi ba ya sanin ko akwai ƙwayar yashi ko ɗan rami a ciki sai wuƙa ta kai wurin. Idan ramin ya bayyana, sai a toshe shi da wani ƙwaɓi, a rina, a sa wa lofen ƙaramin suna da ƙaramin farashi. Toshiya ɗaya ko biyu a bayan tukunyar lofen, wato inda ake zuba taba, kwalliya kawai take ragewa, ba ta hana lofe aiki, amma idan ta faɗo a bakin tukunya ko a mahaɗar tukunya da wuya, inda zafi da nauyi suke taruwa, to wannan aibi ne na gaske.

Saboda haka shawarata ita ce ka koma shagon ka duba lofen da hannunka, domin sunan ba zai gaya maka fiye da abin da na faɗa ba. Ka tafi da tsinken goge lofe, wayar nan mai gashin auduga, ka zura ta daga bakin da ake sawa a haƙora. A miƙaƙƙen lofe ya kamata ta wuce har cikin tukunya ba tare da tirjiya ba, kuma ka leƙa ka ga ƙofar hayaƙin ta ɓullo daidai ƙasan tukunyar, a tsakiya. Idan ta ɓullo sama da ƙasan, tabar da ke ƙarƙashinta ba za ta ci wuta ba, sai dai ta jiƙe ta yi ɗaci, kuma gyaran wannan yana da wuya. Sannan ka shafa cikin tukunyar da yatsa: baƙin gawayin da ya taru a bango ba matsala ba ne, ana kankare shi, amma wuri mai laushi ko wanda ya lotsa alama ce wuta ta fara cin itacen. Ka cire bakin a hankali, kana murzawa, ka duba wuyan a haske ko akwai tsaga, musamman da yake wasu masu gyara sukan sa zobe ne don su ɗaure wuyan da ya fashe.

Zoben nan kuwa shi ne zai fi ba ka labari. Idan azurfa ce da aka tantance a Ingila, za ka ga ƙananan hatimai a jere: zaki mai tafiya yana nuna azurfa mai daraja 925, wato kashi 925 cikin 1000 zallar azurfa ce, kan damisa yana nuna ofishin tantancewa na Landan, anka, wato ƙarfen tsayar da jirgin ruwa, tana nuna na Birmingham, sannan akwai harafi guda da ke nuna shekarar. Idan babu ko ɗaya, mai yiwuwa farin ƙarfe ne kawai, kuma bai kamata a ƙara maka ko fam ɗaya saboda shi ba. Shekarar tana da muhimmanci domin masu tara lofe sun fi darajanta na zamanin da iyalin Hardcastle ke riƙe da kamfanin, kamar yadda suke fifita lofen kamfanin Barling na kafin farkon shekarun 1960 a kan na baya.

Kada launin bakin ya tsorata ka. Tsofaffin lofen Ingila da roba mai tauri ake yin bakinsu, wadda rana da yawu suke mayar da ita ruwan ƙasa mai ratsin kore, kuma gogewa tana dawo da baƙinta. Huda daga cizon haƙori ce ke buƙatar sabon baki, wanda kuɗinsa zai iya kusantar na lofen. Tunda ka ce tarawa kake yi ban tsawaita a kan lafiya ba, amma wajibi ne in faɗa cewa hayaƙin lofe yana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro ko da mutum ba ya zuƙa har huhu.

Idan tsinken ya wuce, wuyan ba tsaga, cikin tukunyar da ƙwari, to fam 35 ba tsada ba ce, ka saya. Sai dai kada ka saya da niyyar sayarwa da riba nan gaba, domin Hardcastle ba ya tashi a kasuwa kamar Dunhill. Idan kuwa ka ga toshiya fiye da biyu ko bakin ya huje, ka taya ƙasa da haka sosai, in mai shagon ya ƙi sallamawa ka bar masa kayansa.