Maganar iri da ka tambaye ni

Ɗana, saƙonka ya iso, ka ce a aji ana koya maku cututtukan shuka can Samaru, kana tambaya wai yadda muke zaɓen zangarniyar iri tun a gona mu ɗaure ta daban mu rataye a ɗaki, al'ada ce kawai ko da dalili. To da dalili, kuma babba.

Kakanka a Daura in dawa ta nuna shi da kansa yake shiga gona kafin a yanke, yana bi yana duba kai ɗaya ɗaya, duk wanda ya ga burtuntuna, wannan baƙin garin da ke fashewa a hannu kamar kunkunniya, sai ya karye shi ya kai bakin gona ya ƙone, kuma ba ya yarda ka taɓa damin iri da hannun nan sai ka wanke. Mu muna yara mun ɗauka tsanani ne. Ashe garin ne ke manne wa ƙwaya ya kwana da ita a rumbu, baɗi ka shuka cutar da hannunka. Shi ya sa yanzu ake haɗa iri da magani kafin shuka.

Na gyaɗa ma haka. Tsofaffi su ce a shuka da ruwan farko, kar a bar tazara da yawa. A 1975 muka ga amfanin maganar, shekarar da gyaɗa ta ƙanƙance a Arewa, ganye ya murɗe ya yi rawaya, ka tuge gindi ba ko ƙwaya biyu. Darɓa, ƙaramin ƙwaron nan da ke tsotsar ganye, ita ce ke yawo da cutar daga wannan gona zuwa waccan, kuma gonar da aka makara, mai fili fili, ita ta fi shan wuya. Wallahi na ga dattijo ya zauna kan kunya yana hawaye.

A shekarar wani malami mai binciken cutar ya zo ƙauyenmu, ya tsuguna cikin rana yana juya ganye, yana sa gindin gyaɗa a takarda, yana tambayar tsoho yaushe ya shuka yana rubutawa. Irin aikinsu ne shekara da shekaru ya fito da irin gyaɗa su SAMNUT masu jure cutar, waɗanda nake shukawa yau.

In an yi hutun kaka ka zo gida, zan kai ka gonar fadama kafin a yanke dawa, ka zo da littafinka. Ka gaida mamanka.