Sunan yana da rajista a CAC, amma an ce in daina buga shi a kan caja

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Farm Centre da ke Kano, ina sana'ar kayan waya. Tun 2021 nake yin odar caja da fawa bank da iyafis daga Shenzhen, ana buga mini sunan da na zaɓa a jikinsu da kan kwali. Na yi wa sunan rajista a CAC, satifiket ɗin ma yana rataye a shago. Kaya sun karɓu, har daga Maraɗi da Damagaram ana zuwa sari. To a makon jiya sai ga takarda daga lauyoyin wani kamfani a Legas, wai sunana ya yi kama da nasu. Sun ba ni kwana 14 in daina sayarwa, in miƙa musu abin da ya rage, in kuma sa hannu a wata takardar alkawari. Harafi biyu ne ya raba sunayen, kuma wallahi ban kwaikwaye su ba. Ga wasu kayan na biya rabin kuɗi ana kan haɗa su. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Na sakaya sunayen biyu saboda maganar tana iya kaiwa gaban alƙali. Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba: satifiket ɗin da ke rataye a shagonka ba zai kare ka a wannan rigimar ba. CAC sunan kasuwanci take yi wa rajista, wato sunan da za ka buɗe asusun banki da shi, ka rubuta a allon shago da rasit. Sunan da ake bugawa a jikin kaya don mai saye ya gane daga ina suka fito, shi ake kira alamar kasuwanci, kuma ofishinsa daban ne. Yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya, dokarsa kuma ita ce Dokar Alamomin Kasuwanci ta 1965, wadda aka yi wa ɗan gyara a 2023. 'Yan kasuwa da dama suna ɗaukar takardun nan biyu abu guda ne, ba su farga sai ranar da takardar lauya ta iso. Ita kanta dokar kamfanoni ta 2020 ta hana CAC amincewa da sunan da ya ci karo da alamar da wani ya riga ya yi wa rajista, don haka in ta kai ga haka, har sunan shagon ana iya cewa ka sauya.

Amma takardar lauya ba hukuncin kotu ba ce, kuma kwana 14 ɗin nan su suka yanke wa kansu. Abu na farko da lauyanka zai nema shi ne lambar rajistarsu da kwafin satifiket. A nan ake kama da yawa. Wanda ya shigar da buƙatar rajista ana ba shi takardar shaidar an karɓa, daga baya a ba shi takardar amincewa, sannan a wallafa alamar a mujallar ofishin, a jira wata 2 ko wani zai yi ƙorafi, kafin a fitar da satifiket. Waɗancan takardu biyu na farko ba su ne rajista ba, kuma sashe na 3 na dokar ya ce wanda alamarsa ba ta da rajista ba zai iya shigar da ƙarar keta alama ba. Sai a duba rukuni. Kaya an kasa su rukuni-rukuni, su waya da caja da batir da iyafis suna rukuni na 9. In nasu rajistar a wani rukunin take, misali na tufafi ko na abinci, ƙarfinsu a kanka ya ragu sosai. Apple ma ta taɓa faɗuwa a irin wannan a Sin a 2016, inda kotu a Beijing ta bar wani kamfanin jakunkuna da kayan fata ya ci gaba da buga IPHONE a kan kayansa. Sai kuma a duba ko rajistar tana raye: ta farko shekara 7 take yi, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14. Idan kuma sun yi rajista suka ajiye, suka shekara 5 a jere ba su sayar da komai da sunan ba, sashe na 31 ya ba ka damar neman a goge ta.

Idan ya tabbata suna da rajista mai rai a rukuni na 9, to magana ta koma kan kama. Rantsuwar da ka yi cewa ba ka kwaikwaye su ba, na yarda da kai, sai dai ba ita kotu za ta tsaya a kai ba. Abin da sashe na 5 yake tambaya shi ne ko sunanka ya yi kusa da nasu har zai iya ruɗar mai saye, da niyya ko ba niyya. Kuma alƙali ba zai jera kwalayen biyu a kan tebur yana ƙirga haruffa ba. Zai tuna da mutumin da ya sayi caja wata 6 da suka wuce, ta yi masa ƙarko, yanzu ya aiki yaro da baki ya sayo irinta, yaron ya shiga kasuwa ana hayaniya ya faɗi sunan yadda ya ji. In yaron shago zai iya miƙo masa taka a madadin tasu, an samu ruɗani. Kotun Ƙoli ta bi wannan hanya tun 1968 a shari'ar Alban Pharmacy da Sterling Products, inda aka hana rajistar sunan magani Casorina saboda ya yi kama da Castoria, aka kuma yi la'akari da yadda kunne ke jin sunan, ba yadda ido ke ganinsa kaɗai ba. A kasuwa irin tamu, inda masu saye da yawa ba sa karanta boko sosai, launin kwali da amon suna suke riƙewa, wannan ma'auni yana da nauyi. Saboda haka harafi biyun da kake dogaro da su, ka faɗi sunayen da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, ka ji ko bambancin yana fita.

Ba kullum babba ke cin ƙarami ba. A 2004 kamfanin Ferodo mai birkin mota ya sha kaye a Kotun Ƙoli a hannun Ibeto. Ferodo ya ce an kwaikwayi kwalinsa mai ja da baƙi da fari, kotu ta ce abin da ke rarrabe kayansa shi ne sunan Ferodo, kuma ba wanda zai ga Union, sunan da ke kan kayan Ibeto, ya ɗauka Ferodo ne. Sai dai ka lura, a can sunayen sun yi hannun riga. Kai kuwa rigimarka a kan sunan take.

Akwai wata kariya da ta fi dacewa da kai, sashe na 7. Wanda ya riga amfani da suna, bai kuma daina ba, mai rajista ba zai hana shi ba. Sharaɗin dai da tsauri: sai ka riga su duka biyu, fara amfani da kuma ranar rajista, duk wanda ya zo da wuri a cikinsu. In sun shigo kasuwa a 2018 suka yi rajista a 2023, shekarar 2021 taka ba ta cece ka ba. In kuwa a 2022 suka fara komai, kai ke da ƙarfi, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Wannan da takarda ake tabbatar da shi, ba da shaidar maƙwabtan shago kaɗai ba. Ka tattaro rasit ɗin odar farko, takardun jirgi da na kwastam, hirarku da masana'anta a WeChat ko WhatsApp inda kuka daidaita zanen kwali, da hotunan talla masu kwanan wata a Facebook. Kada a goge komai a waya.

In ma ba su da rajista, ba a gama ba, domin suna iya kai ƙarar sojan gona, wato cewa kana sayar da kayanka a rigar sunan da suka gina. Shari'ar Niger Chemists da Nigeria Chemists ta 1961, shagunan magani biyu a Onitsha, a kan haka aka yi ta, aka hana na biyun amfani da sunan. Sai dai a nan nauyi ya fi yawa a kansu, sai sun nuna an san su da sunan a kasuwar da kake ciki.

Rigimar alama mai rajista Babbar Kotun Tarayya ce ke jin ta, kuma abin tsoro ba diyyar ƙarshe ba ce kaɗai. Kotu na iya ba da umarnin dakatar da sayarwa tun shari'a ba ta yi nisa ba, tana kuma iya ba su izinin shiga shago da sito su kwashe kaya da takardu ba tare da an sanar da kai ba, in sun gamsar da ita cewa za a ɓoye shaida. Shi ya sa yin shiru shi ne mafi munin zaɓi. Na biyu a muni shi ne sa hannu a takardar alkawarin nan yadda take. Irin waɗannan takardu sukan ƙunshi amsa laifi da alkawarin biyan kuɗi, kuma da zarar ka sa hannu ta zama yarjejeniya a wuyanka. Kada kuma ka ɗauki waya ka kira su kana ba da haƙuri, ko ka tura dattijon kasuwa ya yi magana da yawunka kafin a san matsayin kowa. Lauyanka ya rubuta musu kafin wa'adin ya cika, ya ce an samu takardarsu, ba a amsa komai ba, a turo shaidar rajista, a kuma ƙara lokaci. Shi kuma ya sa a yi bincike a ofishin rajista.

Ra'ayina, in bincike ya nuna sun riga ka kuma sunayen suna amo ɗaya, kada ka zuba jarinka a shari'ar da za ta ɗauki shekaru. Ka nemi sulhu: su ba ka watanni ka sayar da abin da ke ƙasa, ka sauya suna, kowa ya janye ba diyya. Manyan ma haka suke ƙarewa. Steve Jobs ya bayyana iPhone ranar 9 ga Janairu 2007, washegari Cisco ta kai Apple kotu domin tana riƙe da sunan tun da ta sayi kamfanin Infogear a 2000, kafin ƙarshen Fabrairu sun daidaita kowa ya yi amfani da shi. A 2012 Apple ta biya Proview dala miliyan 60 kafin ta mallaki sunan iPad a Sin. Microsoft kuwa sauya suna ta yi, SkyDrive ya koma OneDrive a 2014 bayan ta faɗi shari'a da kamfanin talabijin na Sky a Ingila. In kuma kai ne ka riga su, sulhun sai ya juya, kai za a nema da magana, ko dai yarjejeniyar zama tare ko su sayi sunan.

Kayan da ake haɗawa, yau ɗin nan ka tura wa masana'anta su dakata da buga suna, musamman wanda ake zanawa a jikin caja da fawa bank. Kwali ana iya sake shi da kuɗi kaɗan, abin da aka zana a roba ba ya gogewa. Sabon suna kuma kada ka sa a buga sai an bincika an shigar da shi a rukuni na 9. Ka guji suna mai bayyana kayan kawai, irin mai nufin caji da sauri ko batir mai ƙarfi, don da wuya a yi masa rajista, ka kuma guji duk abin da ke rarrafe kusa da Oraimo ko Samsung ko Tecno. Kalmar da ka ƙirƙira ko wata kalmar Hausa da ba ta da alaƙa da waya ta fi sauƙin karewa.

Masu sarin Maraɗi da Damagaram da ka ambata sun ƙara wani abu. Rajistar Abuja a iyakar Najeriya take tsayawa. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka da ke yi wa alamomin kasuwanci rajista, mai hedikwata a Yaounde, ƙasashe 17 har da Chadi da Kamaru, inda rajista ɗaya ta shekara 10 take aiki a dukkansu, Najeriya kuwa ba ta ciki. In cinikin can yana da kauri, ka shigar da sabon sunan a can ma, haka kuma a Sin, domin wanda ya fara shigarwa shi ake ba, kuma in wani ya riga ka yana iya sa kwastam ɗin can su tsare kayanka tun ba su bar tashar jirgi ba.