Gwamna na iya dakatar da kuɗin shiga tsakiyar New York da bakinta kawai?

Tambaya: Malam, ni direban tasi ne a Bronx. An ce za a fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar Manhattan, sai gwamna ta dakatar, daga baya aka fara. Mene ne aka yi ta kai wa kotu, kuma ina kuɗin ke zuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, tushen maganar shi ne wannan kuɗi doka ce. Majalisar jihar New York ce ta zartar da ita a 2019, ta ɗora wa hukumar sufuri ta MTA alhakin karɓar kuɗi daga motocin da ke shiga Manhattan daga Titi na 60 zuwa kudu. An tsayar da 30 ga Yunin 2024 a fara, a kan dala 15. Kyamarorin ɗaukar lambar mota sun riga sun hau, sai ranar 5 ga Yuni Gwamna Kathy Hochul ta ce a dakata har sai abin da hali ya yi, wai talaka ba zai iya ba.

Nan ƙungiyoyi irin su Riders Alliance da Sierra Club da City Club of New York suka garzaya kotun jiha a watan Yuli. Hujjarsu mai ƙarfi ce a ganina: abin da majalisa ta ƙulla, majalisa ce ke kwance shi, gwamna ba ta da hurumin jingine doka. Wasu suka ƙara da haƙƙin shaƙar iska mai tsafta da tsarin mulkin jihar ya tanada. A watan Satumba Mai shari'a Arthur Engoron ya ƙi korar ƙararrakin. Kafin a kai ga hukunci, Hochul ta sauya shawara a Nuwamba, ta rage kuɗin zuwa dala 9, aka fara karɓa ranar 5 ga Janairun 2025.

Ba a gama shan iska ba, a Fabrairun 2025 sakataren sufuri na gwamnatin Trump, Sean Duffy, ya janye amincewar da gwamnatin tarayya ta ba shirin. MTA ta shigar da ƙara a ranar, kuma a watan Mayu Mai shari'a Lewis Liman ya hana gwamnatin tarayya riƙe wa jihar kuɗaɗe a kan wannan batu.

Batun inda kuɗin ke zuwa shi ya fi damuna. Da shi MTA za ta ci bashin dala biliyan 15 ta gyara harkar sufuri, kashi 80 na jiragen ƙarƙashin ƙasa ne da bas-bas. Ka tuna tsohuwa mai sanda a gindin matakalar tashar da babu lif, ko jirgin da ya tsaya cak cikin rami saboda na'urar ba da hanya ta tsufa. Lokacin da aka dakatar, irin waɗannan ayyuka aka fara ajiyewa, har da ƙarasa layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Second Avenue zuwa Harlem ta Gabas. Mafi yawan masu zuwa aiki a yankin jirgi da bas suke hawa, su ne talakan da aka ce ana tausayi.

Kai kuwa, ba ka biyan dala 9 ɗin. Fasinjan tasi ke ƙara santi 75 a kowace tafiya da ta taɓa yankin, na Uber da Lyft dala 1.50. Motarka ta gida ce za ta biya, sau ɗaya a rana, da dare kuma dala 2.25. An tsara kuɗin zai koma dala 12 a 2028, sannan 15 a 2031.