Shin da gaske sarauniyoyin Indiya sun fita fagen fama?

Tambaya: Wata mai karatu daga Zariya ta ce: "Muna ganin mata bisa doki da takobi a finafinan Indiya na tarihi. Da gaske an yi su, kamar yadda aka yi Sarauniya Amina, ko ƙirƙira ce? In an yi su, me ya sa ƙarshen yawancinsu bai yi kyau ba?"

Amsa: An yi su, malama, kuma labarin da dama daga cikinsu abokan gabarsu ne suka rubuta shi, abin da ya ƙara masa ƙarfi. Sai dai fim ya fi son sara da suka, alhali inda suka fi nuna gwaninta shi ne tsaron ganuwa da zaɓen filin daga.

Ki dubi Chand Bibi ta Ahmadnagar. A ƙarshen 1595 Yarima Murad, ɗan Sarki Akbar na daular Mugal, ya yi wa garin ƙawanya. Dabarar lokacin ita ce a haƙa rami ta ƙarƙashin ganuwa, a danƙara albarushi, a toshe bakin, sannan a cinna wuta. Ramuka biyar suka haƙa. Maganin wannan ɗaya ne: na ciki su haƙa nasu har su tarar da na abokan gaba, su kwashe albarushin. Mutanenta sun gano biyu, amma ɗaya ya tashi ya rushe wani sashe na ganuwar. A nan Mugal suka yi kuskure, suka tsaya jiran sauran su fashe. Kafin su farga ta iso bakin giɓin cikin sulke, da lulluɓi a fuska, ta sa an jawo igwa an tare wurin. Cikin dare aka cike giɓin, gari ya waye ganuwa a tsaye. Aka yi sulhu, ta ba da lardin Berar. A 1600 da Mugal suka dawo ta ba da shawarar a sasanta, sai mutanenta suka ce ta ci amana, suka kashe ta. Ba a jima ba garin ya faɗi.

Wannan shi ne rabin amsar tambayarki ta biyu: ɓarakar daga cikin gida take. Raziya Sultana ta mulki Delhi daga 1236 zuwa 1240, kuma manyan fadawanta Turkawa ne suka tumɓuke ta. Rani Durgabati ta Gondwana ta kori rundunar Asaf Khan, wani kwamandan Mugal, a ranar farko ta yaƙin Narrai a 1564, ta ce a far musu da dare kafin manyan bindigoginsu su iso. Sarakunan yaƙinta suka ƙi. Da safe igwa ta iso, kibiyoyi suka same ta, ta kashe kanta da wuƙa don kada a kama ta.

Ɗaya rabin kuwa makami ne. Rani Lakshmibai ta Jhansi ta rasa sarauta a 1854 saboda Turawan Ingila, a zamanin Gwamna Dalhousie, sun ƙi yarda ɗan riƙo ya gaji mijinta. A Maris 1858, lokacin tawayen da Indiyawa suka yi wa Turawa, Janar Hugh Rose na Ingila ya kewaye Jhansi yana luguden wuta dare da rana, matan gari na ɗaukar harsashi suna gyaran ganuwa. Fatanta ya rataya ga gudummawar Tatya Tope, wani jagoran masu tawaye mai mutum kusan 20,000, amma Rose ya tarwatsa su a bakin kogin Betwa ranar 1 ga Afrilu ba tare da ya ɗage ƙawanyar ba. Bayan kwana biyu aka kutsa garin. Ta sulale da dare zuwa Kalpi, daga can Gwaliyor, inda aka kashe ta a watan Yuni tana cikin kayan mahaya, a Kotah-ki-Serai.