Harbin Stockwell: an kashe mara laifi, kwamanda ta samu ƙarin girma

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda aka yi 'yan sandan Landan suka harbe Jean Charles de Menezes bisa kuskure a 2005, ba a hukunta ko mutum ɗaya ba, sannan Cressida Dick da ta jagoranci aikin ta yi ta hawa har ta shugabanci rundunar baki ɗaya. Ka kuma ce ko rufa-rufa ce. An yi abubuwa masu kama da rufa-rufa a kwanakin farko, zan zo kansu. Amma ba su ne suka share mata hanya ba. Kowace hukuma da ta duba lamarin tambaya guda ƙarama aka ba ta ta amsa, kuma babu wadda aka ɗora wa tambayar ko wannan jami'a ta cancanci a ƙara mata nauyi.

Sai an san yadda safiyar ta gudana kafin a gane inda laifin ya warwatsu. Ranar 7 ga Yuli 2005 'yan ƙunar baƙin wake sun kashe mutum 52 a Landan. Ranar 21 ga wata wasu huɗu suka sake gwadawa, bama-bamansu ba su tashi ba, suka tsere. A jakar ɗaya daga cikinsu, Hussain Osman, aka tsinci katin gidan motsa jiki mai alaƙa da gida mai lamba 21 a titin Scotia. Wajen ƙarfe biyar na asubar 22 ga wata Kwamanda John McDowall ya shata tsari: masu sa ido su tsare gidan, duk wanda ya fito a bar shi ya ɗan yi nisa, sannan 'yan sanda masu bindiga su tare shi su tantance shi.

Tsarin bai da aibi a takarda. Matsalar farko, ginin gidaje ne da yawa masu ƙofar shiga ɗaya, kuma de Menezes, ɗan Birazil mai shekara 27 da ke aikin wutar lantarki, a lamba 17 yake zaune. Ta biyu, wadda a ganina ita ce uwar sauran, sama da awa huɗu suka wuce masu bindigar ba su isa wurin ba. Da de Menezes ya fito wajen ƙarfe tara da rabi, jami'in da ke cikin motar sa ido yana fitsari, bai ɗauki bidiyonsa ba. Hoton Osman da ke hannunsu kuma ba mai kyau ba ne. De Menezes ya hau bas mai lamba 2, ya sauka a Brixton, ya tarar an rufe tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya koma cikin bas ɗin zuwa tashar Stockwell. Duk mai zuwa aiki haka zai yi, amma aka fassara shi da dabarar ɓad da sawu.

Masu bin sa ba su taɓa haɗuwa a kan cewa shi ne Osman ba. Wani ya ce akwai kama, wani ya ce babu. Sai dai maganar tana hawa zuwa ɗakin ba da umarni a Scotland Yard, hedkwatar rundunar, tana ƙara kauri, kafin ta sauko kunnen masu bindiga "wataƙila" ta zama "shi ne". Dick, da ke jagorantar aikin daga wannan ɗakin, ta ce a tsayar da shi. Ta shaida daga baya cewa nufinta a tare shi kafin ya shiga jirgin ƙasa, ba ta ba da umarnin Kratos ba, wato tsarin harbin ɗan ƙunar baƙin wake a ka ba gargaɗi, don harbi a ƙirji na iya tayar da bam. Masu sa ido sun nemi a bar su su kama shi, an amince na ɗan lokaci, aka janye da aka ji cewa masu bindiga sun iso. Alhali masu bindigar suna can baya, ba su cim masa ba tukuna. Oba-obarsu kuma ba ta aiki a ƙarƙashin ƙasa. Jami'ai biyu da aka sakaya sunansu da C2 da C12 suka same shi a cikin tarago, wani jami'i ya danne shi a kujera, harsashi bakwai suka shiga kansa.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ɓata wa jama'a rai. Labari ya bazu cewa ya tsallake shingen tikiti, yana sanye da jibgegiyar riga, ya ƙi tsayawa. Jaket ɗin jins ne a jikinsa, ya ɗauki jaridar kyauta, ya biya da katinsa ya wuce kamar kowa. Shugaban rundunar na lokacin, Ian Blair, ya rubuta wa ma'aikatar cikin gida yana neman a dakatar da hukumar IPCC mai binciken ƙorafi kan 'yan sanda a lokacin, ba ta karɓi binciken ba sai bayan kwana biyar. An kuma gano an yi gyara a littafin masu sa ido, ƙarin kalma biyu ya juya ma'anar jimla daga "shi ne" zuwa "ba shi ba ne". Masu harbin an bar su sun tattauna da juna kafin su rubuta bayani, fasinjojin da suka gani da idonsu kuwa kowa shi kaɗai aka ɗauki nasa.

To, me ya hana gurfanar da wani? A dokar Ingila, wanda ya yi kisa don kare rai yana da mafaka muddin ya gaskata a zuciyarsa cewa akwai haɗari, ko da ya yi kuskure. Mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar, ba tare da sauran shakka ba, cewa ƙarya yake yi. Ta yaya za ka tabbatar da haka a kan mutumin da aka shaida wa da safe cewa zai tunkari mai bam, aka ba shi harsashi na musamman mai buɗewa a jiki? Masu harbin sun jingina da abin da aka gaya musu. Kwamanda kuma ba a kama ta da kisa ta hanyar sakaci sai an nuna sakacinta ita kaɗai ya kai matuƙa, kuma shi ya jawo mutuwar. Ita ta jingina da abin da aka kawo mata. An yanka laifin gunduwa-gunduwa, rabon kowa bai kai nauyin da kotu za ta ɗauka ba. A Yuli 2006 ofishin masu gabatar da ƙara ya ce ba za a tuhumi kowane jami'i ba.

Maimakon haka aka gurfanar da ofishin shugaban rundunar ƙarƙashin dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 1974, dokar da aka fi sani da shari'ar masana'anta da 'yan kwangilar gini. Ranar 1 ga Nuwamba 2007 kotun Old Bailey ta same shi da laifi, tarar fam 175,000 da kuɗin shari'a fam 385,000. Kuɗin jama'a ne, an ciro daga aljihun dama an sa a na hagu. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ƙara da wata magana da ba a saba ba, cewa ba su ɗora wa Dick laifi a karan kanta ba. A Disambar shekarar IPCC ta ce ba za a ladabtar da ita ba.

A zaman binciken musabbabin mutuwa na 2008, alƙali Michael Wright ya hana masu taya shi zaɓin hukuncin kisa ba bisa doka ba. Ya bar musu biyu: kisan da doka ta halatta, ko a bar maganar a buɗe. Suka bar ta a buɗe. Suka kuma ce ba su yarda C12 ya yi gargaɗi kafin harbi ba, ba su yarda de Menezes ya nufo shi ba, kuma rashin kyakkyawan hoto da gurɓacewar saƙo tsakanin masu sa ido da ɗakin umarni na cikin abin da ya jawo mutuwar. Wannan zama ba ya hukunta kowa, aikinsa faɗin yadda aka mutu. A Maris 2016 kotun haƙƙin ɗan'adam ta Turai, da alƙalai 13 kan 4, ta ce Birtaniya ba ta karya doka ba da ta ƙi gurfanar da jami'an.

Yanzu dubi kwanan watan ƙarin girman, nan ne maganar take. A Satumba 2006 hukumar da ke kula da rundunar ta sanar da ɗaga Dick zuwa muƙamin gaba da kwamanda. Wata biyu kacal bayan an ce ba za a tuhume ta ba, fiye da shekara guda kafin shari'ar Old Bailey, shekara biyu kafin zaman bincike, IPCC ma ba ta gama da batun ladabtarwa ba. Kwamitin ƙarin girma fayil yake dubawa: akwai hukunci, akwai takardar gargaɗi? In babu, sai a koma kan ƙwarewa da yadda mutum ya amsa tambayoyi. Da haka aka ari ma'aunin kotun laifi, wanda aka tsaurara don kada a ɗaure mara laifi, aka auna cancanta da shi. Direban da kotu ta sallama bayan mummunan hatsari ya tsira daga kurkuku, amma wannan bai wajabta wa mai mota ya miƙa masa tirela washegari ba.

Masu kare ta suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Ba ita ta shata tsarin ba, ta tarar da jinkirin masu bindiga a ƙasa, ta yanke shawara cikin mintoci kwana ɗaya bayan yunƙurin hari. In duk kwamandan da aiki ya lalace a hannunsa ya tashi daga aiki, gobe ba mai yarda ya zauna a kujerar, wanda ya zauna kuma zai ɓoye kuskure maimakon ya faɗa. Na yarda da wannan a batun kora. A batun ƙarin girma ban yarda ba, don jinkirta shi ba hukunci ba ne. Abin da ya kamata kaɗan ne: a daskarar da fayil har kowane bincike ya ƙare, a tilasta wa kwamiti ya karanta sakamakon ya rubuta dalilinsa, a naɗi duk maganar rediyo da ta ɗakin umarni, a raba jami'ai kafin su rubuta bayani.

Mu ma mun ga makamancinsa a shekarar, ko da yake kisan matasa shida na Apo a Abuja a Yuni 2005 ba kuskuren kama ba ne. A 2017 kotu ta yanke wa ƙananan 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami babban jami'in da aka tuhuma, aka mayar da shi aiki da ƙarin girma.

Dick ta zama mataimakiyar shugaba a 2009, ta karɓi rundunar a 2017, mace ta farko a kujerar, dangin de Menezes suna ta nuna ƙin amincewa. A Fabrairu 2022 ta sanar da ajiye aiki bayan magajin gari Sadiq Khan ya ce bai gamsu da shirinta na magance wariya da cin zarafin mata a cikin rundunar ba. Shi ne mai wuƙa da nama a siyasance, bai kuma buƙaci hukuncin wata kotu ba kafin ya janye goyon bayansa.