Kitsen jini da gudun zuciya ga mai ciwon suga

Malam ka ce suganka ya ɗan daidaita amma kitsen jini ya hau, ko shi ke sa zuciyarka gudu ko kana zaune? E, yana iya sa hannu. Akwai jijiyoyin saƙo, ba na jini ba, da ke ƙara wa zuciya gudu ko su sassauta mata ba da saninka ba, suga ne babban mai cinye su, amma kitse, musamman tiraigilisaraid, yana lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su.

Babana haka ya yi wallahi, bugu ya haura 100 a minti yana kwance, in ya miƙe sai jiri, sai da likita ya sa shi jan dogon numfashi ana ɗaukar ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya, aka gano jijiyoyin ne suka taɓu. Ka sa a auna maka kitse da hawan jini tare, a duba tayiroyid ma, wato ƙullutun nan na gaban wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo, don shi ma yana kawo haka.