Me matasan Senegal suka yi har Wade ya sauka?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mu ƙungiyar matasa ce, kuma duk lokacin da muka kira zanga-zanga ta Facebook sai jama'a su fito yini guda, washegari kowa ya kama gabansa. Na ji an ce matasan Senegal ne suka hana shugaban ƙasarsu Abdoulaye Wade tazarce. Me suka yi da mu ba mu yi ba?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Bari mu fara gyara labarin. Zanga-zanga ba ta hana Wade tsayawa takara ba. Ranar 27 ga Janairun 2012 Majalisar Tsarin Mulki, wato kotun da ke tantance masu takara, ta ba shi damar neman wa'adi na uku, aka yi ta arangama a Dakar har aka rasa rayuka, amma ya tsaya. Ƙuri'a ce ta kayar da shi ranar 25 ga Maris, inda Macky Sall ya samu kusan kashi 66 cikin ɗari a zagaye na biyu.

Ƙungiyar matasan Senegal mai suna Y'en a Marre, wato "Mun Gaji", wadda wasu mawaƙan zamani da 'yan jarida irin su Fadel Barro suka kafa a Janairun 2011, da maganar ɗauke wuta ta fara. Tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara ba sa buƙatar lacca kafin su gane wannan. Daga nan suka kafa rassa unguwa-unguwa, kowane reshe da mutanensa da aka sani da fuska. Nan ne nake ganin kuka yi sake. Wanda ya ga sanarwa a waya ba shi da wanda zai ji kunyarsa idan bai dawo ba. Wanda abokin majalisarsa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa kuwa zai fito har sau goma.

Sai kuma buƙata guda wadda ake iya cewa an biya ko ba a biya ba. Ranar 23 ga Yunin 2011 jama'a suka cika ƙofar majalisar dokoki kan ƙudurin da zai ba ɗan takara damar lashe zaɓe da kashi 25 kacal a zagayen farko. Abin da suka ce kawai a janye shi, kuma a ranar aka janye. Da sun zo da buƙatu ashirin, da gwamnati ta zaɓi biyu masu sauƙi ta raba kansu. Bayan wannan nasara sai matasan ƙungiyar suka koma aikin da ba a ɗaukar hotonsa: bin matasa lungu-lungu su yi rajista su karɓi katin zaɓe.

Ku yi tunanin wanda zai hau kujera tun kafin ta zama babu kowa a kai. A Burkina Faso, ranar 30 ga Oktoban 2014 an ƙona majalisa, washegari Shugaba Blaise Compaoré ya sauka bayan shekara 27, sai ga Laftanar Kanar Isaac Zida a kan mulki. A Nijar ma, 'yan adawa da ƙungiyoyin farar hula sun yi ta tattaki kan tazarcen Shugaba Mamadou Tandja a 2009, amma sojoji ne suka rufe babin ranar 18 ga Fabrairun 2010. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa ƙone-ƙone ba ribarku ba ce.

Kafin ku sake kiran fita, ku zauna da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago da malamai da mata, ku ware masu tsare layi da za su hana ɓata-gari shiga cikinku, ku tanadi lauyoyin da za su bi wanda aka kama. Sannan ku ƙirga mutum nawa a reshenku ke riƙe da katin zaɓe.